Kunun Inna Hasiya

Butar alwala ce ta fara faɗuwa, sannan Malami ya bi ta. Kafin matarsa Atika ta iso daga madafi bakinsa ya karkace, hannun dama ya saki. Mutumin da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai a Lambara, yau sunan Allah ma ya gagare shi.

A asibitin da suka kai shi a Bodinga, likita ta ɗebi jininsa. Da ta dawo ta nuna wa Atika 'yar kwalbar. Wani fari-fari ya taso saman jinin kamar kan kindirmo.

"Maiƙo ya yi yawa a jininsa," in ji likita. "Ina zaton jijiyar ƙwaƙwalwa ce ta toshe, amma sai an yi hoto a Sakkwato za a tabbatar. Haɗiya ta gagare shi. Ko ruwa kada a ba shi, huhu zai tafi."

Atika ta ji sarai. Sodangi, yayan Malami, ya fita neman mota, likita ta wuce wani ɗaki.

A nan ne Inna Hasiya, uwar Malami, ta shigo daga Shagari da kwano a lulluɓe. Kunu ne mai ɗumi, man shanu na yawo a kai.

"Jijiya ta bushe, mi za ya tausasa ta in ba mai ba?" ta ce. "Haka na tada ubansa."

Atika kuwa tunda aka kawo ta gidan ba ta taɓa haɗa ido da surukarta ba, balle musu. Kunya ado ce, haka aka rene ta. Tsoro ya cika ta, ta dubi ƙofa, babu kowa.

"Inna, likita ta ce..."

"Likita ta haife shi?"

Malami yana kallon matarsa da idon da yake da sauran iko da shi. Shi ma ya ji abin da likita ta faɗa, bakin faɗa ne babu.

Tsohuwa ta cika ludayi, ta hura, ta yi bisimilla.

"Taso ɗiyata, riƙe mini kansa."

Atika ta taso ta riƙe.