Karen Yaya Emilia

Gershon mafarauci ne a Madakiya, kuma a wurinsa kare kare ne. Nasa biyu ne, Duna da Ba-ruwana, sirara, duk haƙarƙari a waje. Ƙanzon tuwo suke ci da ragowar pate, su wuni suna bin gafiya a daji, su dawo su sha ruwa su kwanta. Ciwonsu bai taɓa wuce kaska da ƙazuwa ba.

Da daminar 1991 yayarsa Emilia, wadda take aikin nas a Kafanchan, ta sauko daga bas riƙe da wani kare a igiya. Jos za ta, 'yarta ta haihu. Karen na wata Baturiya ne da suka yi aiki tare, da za ta koma ƙasarsu ta bar mata shi. Dogon baki gare shi kamar na dila, ga gashi buzu-buzu fari da ja har ƙirji. Kyaftin sunansa.

"Shinkafa yake ci da kifi," in ji Emilia. "Kada ka kai shi daji. Kada ka ba shi wani magani sai na dawo. Gershon, kana ji na?"

"Ina ji, Yaya. Katifa fa? Ko in ba shi tawa?"

"Bakinka ke nan tun kana yaro."

Tana tafiya ya zuba wa karnukan uku ƙanzo a kwano ɗaya. Nasa suka lashe suka miƙe, Kyaftin kuwa zawo ya kama shi. Dole Mildred, matar Gershon, ta fara dafa shinkafa tana mita, wai su da sai Kirsimeti suke ganinta. Karen yana cin abin da zai ishi Duna da Ba-ruwana tare, amma rana na ɗagawa sai ya zube ƙarƙashin mangwaro, harshe a waje, yana haki.

Sai kaska ta samu gida a cikin gashin nan. Karen ya yi ta susa har fatar wuya ta ɗaye. Gershon bai ga abin tunani ba. Akwai allurar shanu da yake saye wurin Mijinyawa a kasuwa, ya saba zuƙar kaɗan ya soka wa karnukansa a fatar wuya, kaskar ta zube. Ya yi wa Duna, ya yi wa Ba-ruwana, ya ƙara wa Kyaftin kaɗan tunda ya fi su jiki.

Washegari nasa biyun suna koran kaji a tsakar gida. Kyaftin ya miƙe yana tangaɗi kamar wanda ya kwana a gidan burukutu, yawu na zuba, baƙin idonsa ya buɗe. Ya yi karo da rumbu, ya juya ya yi karo da turmi. Kafin rana ta yi tsaka ya kwanta bai sake tashi ba.

Gershon ya hau keke sai ofishin dabbobi a Kafanchan. Malamin da ya tarar, Alexander, ya sa shi ya kwatanta karen tun daga baki har wutsiya, sannan ya girgiza kai.

"Baba, irin waɗannan ba a yi musu allurar nan. Naku na gida jikinsu yana tare maganin, ya kashe kaska ya fita. Wannan irin, da yawansu, har ƙwaƙwalwa yake hawa."

"To ba duk kare ba ne?"

"Kare ne, amma jikin ba ɗaya ba."

"Makarinsa fa?"

"Babu. Ka riƙa ɗura masa ruwa a hankali kada ya shaƙe, ka riƙa juya shi. In jikinsa ya fitar da maganin zai tashi. In bai fitar ba, ka haƙa rami."

Ya dawo ya tarar da maƙwabcinsa Wilfred tsaye a kan karen yana taɓa shi da ƙafa.

"Mutumina, kira masu sayen kare tun yana numfashi. Ka ce wa Madam Emilia mota ta buge shi. Wa zai faɗa?"

"Ka ci naman nan kai ma ka fara karo da rumbu. Matsa."

Ya shimfiɗa buhu a ɗakinsa, inda kare bai taɓa shiga ba, ya kwantar da Kyaftin. Ya tsinka kunu ya zama ruwa-ruwa, yana ɗaga kan karen yana zuba masa da cokali ta gefen baki. Rabi ya shiga, rabi ya bi hannunsa. Ya juya shi, ya goge fitsari, ya sake buhu. Abokan farauta suka zo suka tafi ba shi. Ran Lahadi ma bai je sujada ba.

"Ni da na yi zazzaɓi bara," in ji Mildred daga ƙofa, "ko sau ɗaya ba ka juya ni ba."

"Ke ba amana aka kawo mini ba, aure na yi. Miƙo ruwan."

Sati ya wuce karen na nan kamar tsumma. Sai wata safiya ya lashi cokalin da kansa. Bayan nan ya fara ɗaga kai.

A haka Emilia ta dawo ta same shi, ƙashin baya a fili, gashi ya cukurkuɗe. Ta ajiye jaka.

"Me na ce maka?"

"Kin ce kada in ba shi magani. Na ba shi. Allurar shanu."

Ta dube shi, irin kallon da take yi wa majinyacin da ya ɓoye ƙwaya ƙarƙashin filo. Sannan ta durƙusa ta kira sunan karen. Kyaftin ya dafa ƙafafun gaba, ya yunƙura, na baya suna rawa, ya tsaya. Taku biyu ya yi ya faɗa jikinta.

"Zai rayu," ta ce, bayan ta duba idonsa da dasashinsa. "Amma gida zan kai shi yanzu. Ba zai iya takawa zuwa titi ba."

Gershon ya sunkuya ya saɓa karen a wuya kamar ɗan rago, ya riƙe ƙafafun a ƙirjinsa. Suka bi ta tsakiyar gari, Emilia a gaba da jaka.

"Gershon!" Wilfred ya ƙwala daga bakin gona. "Kai ne dokin Kyaftin yanzu?"

Ya ci gaba da tafiyarsa. A titi direban bas ya ce kare sai dai a but, wurin kaya a baya. Gershon ya ce but ɗin da zafi, wannan irin ba ya jure zafi. Ya shiga ya zauna kusa da taga, ya ɗora karen a cinya.