Gilashin da Bai Yanka Ba

Karo na uku ke nan a shekara guda da mai gilashi ke sa wa shagon mai aski sabon gilashi. Ya gaji, wallahi ya gaji. Tun da sojojin ƙasar waje suka kafa sansani a bayan tashar mota, wai sun zo kare garin daga 'yan bindigar tsallaken iyaka, da wuya wata ya ƙare wani abu bai fashe ba. Kuma kome ya fashe, tagogin layin ne ke fara zubewa.

Har abin ya zame masa jiki. Ya haddace faɗi da tsawon kowace taga a layin, don haka ya daina jira. Sai ya yanka tun kafin a fasa, ya jingine a bangon shagonsa, ya rubuta a kai da alli: na kemis, na tela, na makaranta.

Yana durƙushe yana zare ragowar tsohon gilashin daga katako, mai aski na tsaye a kansa, baki bai huta ba.

"Ai gara da aka yanke shawarar nan, tsoho. Mu tsallaka mu same su a gidansu kafin su sake zuwa. Ko so kake mu zauna sai sun gama da mu?"

"Kafin baƙin nan su zo, sau nawa na sa maka gilashi?"

"Kai dai ba ka rabo da wannan magana. Da ba su zo ba, da yanzu ko shagon ma babu."

"Wataƙila," in ji mai gilashi. Ba gatse ya yi ba. Bai sani ba, kuma ya gaji da mutanen da suka sani, a rediyo da kan benci.

Mai aski ya yi dariya. "To kai ma ai ba ka jira a fasa kafin ka yanka."

"Nawa a bango yake jingine. Bai taɓa zubar da jinin kowa ba."

Nan dariyar ta tsaya. Mai aski ya tuna abin da bakinsa ya mantar da shi: ɗan tsohon guda ɗaya tilo soja ne, kuma rundunarsu na cikin masu tsallakawa jibi. Shi da hannunsa ya yi masa aski makon jiya. Ya koma ciki ya kama share gashin da ya riga ya share.

Da azahar mai gilashi ya koma shagonsa, ya tarar da matar ɗansa zaune a kan benci da ambulan a cinya. Ta durƙusa ta gaishe shi.

"Baba, shi ya aiko. An ƙara masa igiya, ya ɗauki hoto da kaki. Ya ce ka sa masa gilashi in rataye a falo."

Ta zaro hoton ta miƙa masa, bai karɓa ba. Sa wa hoto gilashi aikinsa ne tun yana saurayi, na aure, na gama makaranta. Amma tun bara, duk hoton mai kaki da ya shigo shagon nan, uwa ce ta kawo shi ko matar da ke takaba.

"In ya dawo ya kawo da kansa."

"Zai lalace fa, Baba."

"Ki sa shi a ƙasan akwati."

Ta dubi fuskarsa, ta dubi gilasan da ke jingine suna jiran ranarsu. Ta mai da hoton cikin ambulan, ta yi sallama ta fita a hankali.

Sai dai ido ba ya neman izini. Ɗan lokacin da ta zaro hoton, nasa ya riga ya auna: inci takwas da goma. Ga kuma ragowar gilashin mai aski a kan tebur, daidai wannan awon, ko gyara ba ya buƙata.

Ya daɗe a tsaye a kansa. Sannan ya ɗauki abin yanka ya ja layi a tsakiya, ya karya. Ya sake ja, ya sake karyawa, har sai da babu guntun da zai rufe fuskar mutum.