Taken Baba Bawa

Yayana Zakariyya mutum ne mai son tari. Waƙa dubu huɗu da ɗoriya ya zuba a jeri guda cikin manhajar kiɗa ta wayarsa, yana ta cika baki a tashar Zurmi wai babu direban da ya kai shi. Na sha gaya masa ba girin-girin ba, ta yi mai.

Shekara uku ba a yi gayya a ƙauyenmu ba, tun da 'yan bindiga suka tarwatsa mu. Bana da muka dawo, aka sa ranar nome gonar kawunmu Baba Bawa, wanda ƙafa ta hana shi aiki, ciyawa kuma ta kusa shanye masa gero. A wurinmu ba a shiga kunya sai an kaɗa wa mutum takensa: na mai gona da fari, sannan manya, sannan na baya. Makaɗinmu Ɗanbaba ya rasu a gudun hijira, amma 'ya'yansa sun ɗora kiɗansa a manhajar. Zakariyya ya bugi ƙirji ya ce duk suna cikin jerinsa, a ƙasa can.

Da hantsi ya jona lasifika a gindin kanya. Ya ja jerin, ya ja, abu ya tsaya a waƙa ta ɗari biyar yana juyi. Ya rufe ya buɗe, jerin ya hautsine. Ya danna da ƙarfin hali, sai ga taken Mubashir, wanda ko aure bai yi ba, ya karaɗe gonar.

Ladan, babban manomin unguwarmu, ya saɓa hauyarsa.

"Ashe reni anka kira mu a yi muna? Ku tashi mu tai gida."

Mutum huɗu suka miƙe. Baba Bawa ya sunkuyar da kai. Wallahi sai da zuciyata ta yi zafi, don na san in suka tafi, geron nan ya tafi.

Na dire ƙwaryar fura na ce, "Baba Ladan, ku dakata ku sha hura tukun." Na fizge wayar na haye suri, inda sabis ya fi kamawa.

"Zulaihat, mi za ki yi? Kak ki ɓata mini jeri!" in ji Zakariyya.

"Yaya, jerin ga naka ya ɓata kanai. Ka taɓa ganin an ɗaure gona guda dami guda?"

Na buɗe sabon jeri, na riƙa nemo take ɗaya-ɗaya da suna. Goma sha ɗaya kacal. Wanda ke gaba da wani kuwa ba sai an gaya mini ba, tun ina budurwa nake miƙa musu ludayi bi da bi.

Na danna. Gangar Ɗanbaba ta tashi tas, muryarsa na kiran Bawa na Lauratu, mai kunya ba karkata. Tsohon ya ɗago. Ya jefar da sandarsa, ya karɓe hauyar da ke kafaɗar Ladan, ya ɗingisa zuwa kunyar farko ya kai mata sara. Na rangaɗa guɗa daga kan surin ina hawaye.

Take na biyu ya shigo daidai, na Ladan ne. Ya duba hannunsa wayam, ya daka wa Zakariyya tsawa:

"Kai, mai waƙa dubu huɗu! Miƙo mini hauya!"