Ragon Suna a Bakin Shinge

Saura minti ashirin a rufe boda, tsohuwar motar ta mutu a tsakiyar layin Magama. Badamasi ya murɗa makulli, ta yi tari sau biyu ta yi shiru. Ragon da ke ɗaure a but ya amsa mata da kuka.

Gobe Asabar zaɓen shugaban ƙasa, saboda haka daga sha biyun rana ba shiga ba fita sai bayan zaɓe. Goben kuma ita ce ranar suna. Matarsa Na'ima ta haihu a gidan iyayenta a Ɗan Isa, tsallaken Nijar, yana can Legas kai albasa. Jiya ya dawo, har yanzu a waya kawai ya ga fuskar ɗiyarsa ta fari.

"Sai an tura ta fa," in ji Yusha'u, wan Na'ima, da ke zaune a gefensa.

Kafin ya amsa, sai ga kai ya leƙo ta tagar dama. Ɗantala ne, wakilin jam'iyya mai mulki a mazaɓarsu. Ta tagar hagu kuma Mudathir na 'yan adawa. Wata uku ke nan suna binsa, don duk tashar Jibiya an san shi kaɗai ne bai ce ga nasa ba.

"Direba, ina za ka da ƙuri'armu?" in ji Ɗantala.

"Ƙuri'arku? Da bakinsa ya hwaɗi?" Mudathir ya yi dariya. "Wa zai zaɓi waɗanda suka bari 'yan bindiga suka tashe shi daga ƙauyensu Gangara?"

"Ku kuma da kuna sama me kuka tsinana? Wa ya ci kuɗin hanyarmu?"

Badamasi ya shafa aljihun gabansa. Katin zaɓe na nan, wanda ya yi kwana uku a layi kafin ya karɓa. Mutane na cewa bai san abin da yake so ba. Ya sani sarai. So yake ya noma gonar ubansa ba tare da ya waiga ba. Lokacin waɗancan aka sace wansa, lokacin waɗannan aka ƙone rumbunsu. Wanne zai manta?

"In na tsaya zan yi zaɓe," ya ce a hankali. "Amma wallahi har yanzu ban san wa zan dangwala wa ba. Sai na shiga."

Ɗantala ya dubi Mudathir ta saman mota. Mudathir ya dubi agogo.

"Ai suna ba wasa ba ne," in ji Ɗantala. "Haihuwar fari kuma!"

"Gaskiya ne, Alhaji. Me surukai za su ce?"

Nan take suka naɗe hannun riga. Babbar riga da hular jam'iyya, kafaɗa da kafaɗa, suka kama turi suna nishi. Mota ta yi tsalle, ta tashi. Saura minti bakwai.

Badamasi ya hango su ta madubi suna tafawa, suna share gumi. Wata uku ko gaisawa ba sa yi. Yau sun haɗu a kan abu guda: gara ya bar ƙasar.

A daidai shingen boda ya taka birki, bai kashe injin ba.

"Yaya Yusha'u, dawo nan ka riƙe sitiyari."

"Kai, lahiya?"

"Ka kai rago. Ka ce wa liman a sa mata Safara'u, sunan innata. Na'ima kuma..." Ya buɗe ƙofa ya sauko. "Ka ce ta ba ni kwana biyu. Zan kira ta in sha faɗan da kaina."

Ya tsaya har motar ta shige, jami'i ya sauke ƙarfen shinge. Sannan ya juyo da ƙafa, yana goge ido da hularsa.

Mutanen biyu suka yi cirko-cirko.

"To wa za ka zaɓa?" suka tambaya kusan tare.

Badamasi ya gyara zaman katin a aljihu, ya ratsa ta tsakaninsu.

"Ban sani ba tukuna. Sai dai ku zo da wuri, ni ne farko a layi."