Ruwan Bayan Kofi

Tun da jikata ta iya magana, ni take kawo wa tambayoyinta. Ta kan zauna a gefen keken ɗinkina, tana wasa da ƙyallaye, ta tambaya in ba ta amsa. Sai bana aka kawo musu sabuwar malama a aji uku, wadda in yaro ya yi tambaya sai ta ce, "To, ta yaya za mu gano?" Shi ke nan, aka daina yi da ni. Kullum Malama ta ce, Malama ta ce.

Ranar Laraba jikar tawa ta shigo shago da kofin gilashi da ƙanƙara, ta ɗiga shuɗiyar tawada a ciki, ta zuba masa ido.

"Amarya, yau ko gaisuwa babu?"

"Kaka, yi shiru mana. Muna binciken inda ruwan bayan kofi yake fitowa. In yoyo yake yi, zai fito shuɗi."

"Malamar taku ba ta sani ba ne?"

"Ta san komai! Ta fi ka ma."

Maganar ta soke ni. Na tsayar da keke.

"Daga iska yake," na ce. "Akwai danshi a iska, in ya taɓa sanyi sai ya zama ruwa. Je ki faɗa mata kakanki ne ya gaya miki."

Na jira ta yi tsalle. Sai idonta ya cika da hawaye. Ashe dokar ajin, duk wanda aka gaya wa amsa a gida ba ya cikin masu gwaji ranar Juma'a, sai dai ya riƙe wa sauran agogo. Ita kuwa ba ta iya ƙarya ba. Kwana uku tana shirin tawadar nan, ta ƙare da riƙon agogo.

Mako guda ba ta leƙo shago ba. Da ta dawo, da tocila ta zo da ƙwallo.

"Me ya sa inuwa take tsawo da yamma? Kar ka faɗa, tsoho! Riƙe min tocilar kawai."

Amsar tana bakina, har tana min ƙaiƙayi. Na haɗiye ta.

"Ɗaga sama kaɗan. Ba haka Malama take riƙewa ba."

Na ɗaga.