Gindin Turken Lantarki

A filin da ke bayan wata makarantar firamare a Dutse Alhaji, inda ciyawa ta daɗe da yin ƙaura, Koci Zacharias yake horar da yara ƙwallo kowace Asabar. Tsohon malamin motsa jiki ne, ƙa'idarsa kuma ɗaya ce: yaro ya yi kuskurensa da kansa, ya gyara da kansa. Ba ya ihu. In wasa ya ɓaci, sai ya tsayar da su ya tambaya, "Me ka gani?"

Shafi'u ya fi duk yaran ƙafa. Ɗan shekara goma sha biyu ne, bahago, ƙwallo na bin sa kamar ta san gidansu. Amma da zarar ta iso gare shi, sai ya waiwaya gindin turken lantarkin da ke bakin fili. Kafin ya dawo da idonsa an ƙwace.

A nan ubansa Dallatu yake tsayawa. Kifi yake sayarwa a kasuwar Kado. Allah ya ba shi muryar da ke kiran mai saye daga tsallaken titi, shi kuwa bai ga dalilin barin ta a kasuwa ba.

"Buga! Wa ya ce ka ba shi?"

Ƙarshen wata masu zaɓen yara za su zo daga wata makarantar ƙwallo. Zacharias ya san halinsu. Yaron da sai ya nemi izini kafin ya taɓa ƙwallo, ko sunansa ba za su tambaya ba.

Da aka tashi, ya ja Dallatu gefe.

"Baban Shafi'u, alfarma nake nema. Asabar mai zuwa ka huta a gida."

"Koci, laifi na yi?"

"Yaron nan koci biyu gare shi, kuma ba ni yake ji ba."

Dallatu ya yi dariya, dariyar ba ta yi nisa ba. "Oga, lokacin da nake bugawa a Jiwa ko akuya ba ta zuwa kallona. Yau na zo wa ɗana, ka ce in zauna a gida?" Ya share gumi da gefen riga. "Shi ke nan. Kai ka yi boko."

Ya kuwa cika alkawari. Ran Asabar gindin turke wayam.

Ƙwallo ta zo wa Shafi'u. Ya waiwaya, bai ga kowa ba, ya ci gaba da kallon wurin har aka ɗauke ta a ƙafarsa. Aka sake, ya sake. Zacharias ya tsayar da wasa.

"Me ka gani, Shafi'u?"

"Koci, me zan yi?"

"Abin da ka ga ya dace."

Yaron ya dube shi kamar wanda aka aika kasuwa ba a gaya masa abin da zai sayo ba.

Can wajen tashi ƙwallo ta faɗo masa a gaban raga, gola ya zame ya faɗi. Shafi'u ya tsaya, wuyansa ya soma juyawa. Zacharias bai san lokacin da bakinsa ya buɗe ba.

"Buga!"

Ƙafar hagu ta tashi, ƙwallo ta shige can saman kusurwa, irin cin da masu zaɓe ke tsayawa su tambayi sunan mai shi. Yara suka rufe shi da murna. Shi kuwa ta saman kafaɗunsu yake leƙen kocinsa, fuskarsa a sake, kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓace masa tun safe.

Aka mayar da ƙwallo tsakiya. Da ta sake zuwa gare shi bai kalli turke ba. Sai ya kalli Zacharias.

Zacharias ya haɗa hannuwansa a baya, ya datse bakinsa. Aka ƙwace. Ya bar wurin ya koma bayan raga, daga nan ya zagaya can ƙarshen fili wajen mai sayar da rake. Ƙwallo ta sake zuwa, yaron ya taka ta, ya ɗaga kai yana nemansa.