Gurbin Sufana a Bango

Mai Gareji da hannu yake gyaran inji, ƙungiyoyin ƙwallo kuwa da baki yake gyara su. Aikin hannun yana da lokacin tashi, na bakin ba shi da shi. Duk safiyar da ta biyo bayan wasa, kafin a buɗe kan mota ko ɗaya, sai maƙwabta sun cika bencin ƙofar garejin sun ji wane koci ne bai san hagunsa da damansa ba, wace gasa ce ta maza, wacce ce ta 'yan gayu masu faɗuwa in iska ta taɓa su. Rabonsa da buga ƙwallo tun yana firamare, amma wannan bai taɓa rage masa murya ba.

Da ƙungiyar garinsu ta faɗa rukuni na biyu, saboda ɗan wasanta da ake kira Lamba Tara ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe, washegari Mai Gareji ya tsaya da tsumman goge hannu a kafaɗa ya yanke hukunci.

"Ƙafar da ta zubar da wannan ƙwallo, a karya ta kowa ya huta."

Aka kwashe da dariya. Wani ya ɗauke shi a waya, maganar ta bi gari, har aka sa mata kiɗa. Mutanen da bai taɓa gani ba suka riƙa tsayar da shi a hanya suna miƙa masa hannu. Kansa ya kumbura, kuma a gaskiya ya ji daɗin abin ƙwarai.

Ranar da abin ya faru, da hantsi, yana kwance a ƙarƙashin wata tsohuwar mota yana fama da bututun hayaƙi, rediyo na kan durom ɗin baƙin mai. Sai mai gabatarwa ya katse waƙa, ya ce wasu matasa sun tare Lamba Tara a ƙofar filin atisaye sun yi masa duka da ƙarafa. An garzaya da shi asibiti. Ƙafar dama ce, kuma likitoci ba su ce komai ba tukuna.

Mai Gareji ya saki bututun. Ya janyo jiki ya fito, bai ma san ya buga goshi da ƙarfen mota ba. Kansa ya fara ji wa tsoro, don fuskarsa da muryarsa suna cikin wayar kowa. Sai kuma idonsa ya kai kan bango.

A bangon akwai allon da yake rataye kayan aiki. Shi da kansa ya zagaye kowane ƙarfe da farin fenti, don duk wanda ya ari abu bai mayar ba, gurbin ya tona shi. Ya sha yin alfahari da wannan dabara. Yau gurbi ɗaya ne a buɗe, na doguwar sufanar da ake kwance tayar manyan motoci da ita, kuma tun safe babu babbar motar da ta shigo.

Auta ma ba ya nan. Ƙanensa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsu, ya koya masa sana'a har ya zama ƙato mai gemu. Mutum ne marar magana. Idan ana musun ƙwallo ba ya sa baki, sai dai ya tsaya a baya yana kallon bakin yayansa, duk abin da ya fito ya haɗiye shi ɗungurungum. Da safe ya ce, "Yaya, ina zuwa," ya fita.

Mai Gareji ya kira lambarsa. Wayar ta yi ƙara a cikin akwatin kayan aiki, kusa da ƙafarsa. Auta da ko banɗaki ba ya shiga ba waya, yau ya ajiye ta ya tafi.

Mai Walda, maƙwabcinsa, ya leƙo da gilashin aiki a goshi, baki har kunne.

"Babban mai sharhi, ka ji labari kuwa? Bakinka akwai dafi, wallahi."

"Rufa mini asiri, don Allah."

"Wane asiri kuma? Ai ni da ma na faɗa, yaron nan ba ɗan wasa ba ne, talla ya iya. Yanzu sai su sayo mana mai ƙafa biyu. Ina Auta ne? Ya zo ya kama mini ƙofar nan in ɗaga."

"Na aike shi."

Yana faɗa yana cire rigar aikinsa, ya rataye ta a kan allon daidai gurbin. Mai Walda ya ci gaba da zuba, wai gasar nan gaba ɗaya ta lalace, alƙalan wasa makafi ne, masu ƙungiyoyi ba su san ƙwallo ba. Duk kalaman Mai Gareji ne, har da yadda yake karkatar da kai in yana faɗa. Jin su a bakin wani ya sa ya kau da kai.

Motar 'yan sanda ta bi ta layin a hankali. Mai Gareji ya bi ta da ido har ta sha kwana, zufa na bin bayansa. Ya koma ƙarƙashin motar ya ɗauki ƙarfe, ya rasa abin da zai yi da shi. Ba abin da yake gani sai Auta a bayan kanta, da kuma fuskar Inna, mahaifiyarsu, idan aka je gaya mata.

Kamar ta sani, sai ga kiranta.

"Ɗan'uwanka na wurinka? Ya fita ko ruwa bai sha ba."

"Yana nan, Inna. Hannunsa duk mai ne."

"To, ka kula mini da shi."

Ya ce to. Muryarsa da ke cika layi, da ƙyar ta fito.

Sai da rana ta karkata Auta ya dawo, a ƙafa, da wani dogon abu naɗe a buhu a hammatarsa. Bai yi sallama ba. Mai Gareji ya kama hannunsa ya ja shi cikin ɗakin ajiyar tayoyi, ya tura ƙofa. Ya fizge buhun ya warware. Ya juya sufanar sama da ƙasa a hasken taga, ya shafa ta, har shinshina ta ya yi. Babu komai a jikinta sai tsohon maiko.

"Dube ni. Ina ka je?"

"Filin atisaye."

"Ka taɓa shi? Kada ka yi mini ƙarya, Auta, don girman Allah. Ka taɓa yaron nan?"

"Ban taɓa shi ba."

Mai Gareji ya ajiye sufanar. Ya zauna a kan taya, ya rufe fuska da tafukansa yana hamdala, hawaye na bi ta tsakanin yatsunsa. Har ya fara dariya, irin ta wanda aka tsamo daga rijiya.

"Na sani. Na san ba za ka yi ba. Ai ni wasa nake, kowa ya san wasa nake."

Auta bai yi dariya ba. Yana tsaye jikin ƙofa, leɓɓansa sun bushe, idanunsa sun kaɗa sun yi ja.

"Wasa kake, Yaya?"

"To da me ka ɗauka?"

Da Auta ya buɗe baki, a hankali ya yi magana, da ladabin da ya saba.

"Motar da na hau ce ta lalace a hanya. Ko da na isa, an riga ni."

A waje Mai Walda na buga ƙofar garejin da ƙarfe, yana cewa mutane sun cika benci, babban mai sharhi ya fito ya faɗa musu yadda yake ganin kakar wasa mai zuwa. Mai Gareji na zaune a kan tayar, ya kama hannun ƙanensa da hannu biyu ya riƙe gam, ya kasa tashi.